Masu Gida A Kan Mota Da Matsalar Waya A Dajin Amurka

A ƙasar Amurka akwai wata irin mota wadda akan ƙera ta kamar gida, da gado da madafa da makewayi a cikinta, mai ita ya kwashi iyalinsa ya shiga duniya. Ƙungiyar masu ƙera su ta ƙiyasta a shekarar 2021 cewa gidaje fiye da miliyan 11 ne suka mallaki irin wannan mota. Galibinsu yawon hutu suke fita, amma akwai waɗanda ba su da wani mazauni sai ita: tsofaffi masu cin fansho, da ma'aikatan da aikinsu duka ta intanet yake, da talakawan da tsadar haya ta kora daga birane. Gwamnatin tarayya tana da daji mai yawan gaske a yammacin ƙasar, har hukuma guda tana riƙe da eka wajen miliyan 245, kuma a yawancinsa an yarda mutum ya sauka kyauta har kwana 14. Amma fa inda masauki ya fi sauƙi, nan ne waya ta fi wuya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kamfani ba ya kafa turken waya don faɗin ƙasa, sai don yawan masu biya. Manyan kamfanonin nan uku, watau Verizon da AT&T da T-Mobile, sun jera turakunsu a birane da bakin manyan hanyoyi; da matafiyi ya ratse ya shiga kwazazzabo, dutse ya shiga tsakaninsa da turke, shi ke nan magana ta yanke. Wani lokaci kuwa cunkoso ne ke jawo abin. Quartzsite ƙaramin gari ne a hamadar Arizona, mutanensa ba su kai dubu uku ba, amma da hunturu dubban motoci kan sauka kewaye da shi, sai waya ta nuna sabis a cike, saƙo kuwa ya ƙi tafiya.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne batun taswira. Kowane kamfani yana da taswirar da ya shafa wa launi don nuna inda sabis nasa ya kai, da ita kuma matafiyi yake shirya hanyarsa. A Disamba 2019 ma'aikatan hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, suka ba da rahoton gwajin da suka fita suka yi da motoci a kan layukan kamfanoni uku: kashi 62 cikin ɗari kaɗai na gwaje-gwajen ne suka sami saurin da taswira ta yi alkawari, a wasu wurare ma babu sabis ɗin ko kaɗan. Wanda ya dogara da irin wannan takarda ya kai tsohuwa mai ciwon zuciya daji, lalle ya san nauyin wannan lissafi. Sai a Nuwamba 2022 hukumar ta fitar da sabuwar taswira wadda jama'a ke da ikon ƙalubalanta.

Matafiya sun daɗe suna dabara. Wani ya riƙe layi biyu na kamfanoni dabam dabam, wani ya ɗaura eriya bisa rufin mota tare da na'urar ƙara ƙarfin sabis. Na'urar tana da amfani, sai dai abin da ta tarar shi take ƙarawa. In babu, babu.

A Mayu 2022 ne al'amari ya sake, sa'ad da Starlink ya fara sayar wa masu motocin nan faranti mai kama intanet daga taurarin ɗan'adam, dala 599 kuɗin faranti, dala 135 kowane wata. Taurarin da aka saba da su a da suna tsaye ne a nisan kilomita kusan 36,000, saboda haka magana takan yi jinkiri; na Starlink suna kewaya duniya a nisan kilomita kamar 550, dubbai ne kuma, in wannan ya wuce wancan ya karɓa. A wannan shekara kuma Apple ya sa wa iPhone 14 hanyar aika saƙon neman agaji ta tauraro, a 2025 T-Mobile ya fara aika gajeren saƙo ta taurarin Starlink da wayar hannu kawai. Ba mu raina wannan ci gaba ba.

Duk da haka muna ganin bai kamata a ce an gama ba. Farantin yana son sarari, inuwar itace tana tare shi, yana kuma shan batir dare da rana. Kuɗinsa ba na wanda haya ta kora ba ne. Bayan wannan, hanyar tana hannun kamfani ɗaya, shi ke yanka farashi, shi ke sake sharaɗi yadda ya ga dama. Amazon dai sai a 2025 ya fara harba nasa taurarin sosai. Tsoronmu shi ne hukuma ta dubi sama ta ce ai an huta da kafa turaku. Matafiyi in bai sami sabis ba yakan ta da mota ya ƙara gaba. Makiyayin Nevada da ɗan makarantar ƙasar Navajo ba su da inda za su ƙara. Wannan magana ta shafe mu, gama Starlink ya shigo Nijeriya tun Janairu 2023, ƙauyuka da yawa kuwa har yau turke suke jira.

Amurka ta taɓa fuskantar irin wannan. A tsakiyar ƙarnin da ya wuce gonakin da ke da tarho ba su kai rabi ba, domin kamfanoni sun ce jan waya zuwa ƙauye ba riba. Majalisa ba ta jira su ba: a 1949 ta yarda hukumar da ke kai lantarki karkara ta riƙa ba ƙananan kamfanoni da ƙungiyoyin gama kai rance mai sauƙi, su kuwa suka ja wayar har ƙofar manomi.