Kainuwa Ba Ta Barci Da Dare

Wannan makon maganar kainuwa na kawo muku, ciyawar nan da ke yawo a kan kududdufi ba mu ɗauke ta a bakin komai ba.

Duk mutumin Kano ya san dagwalon masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai a kogin Challawa da na Jakara yake ƙarewa. Kamfanonin jimar fata suna aiki da sinadarin kuromiyam, ga kuma dalmar tsofaffin batura. Da wannan ruwa ake shayar da latas da alayyafon noman rani, mu saya mu ci. Irin waɗannan ƙarafa ba sa ruɓewa, tafasa ruwa ba ya raba shi da su, taruwa suke yi a jiki sannu a hankali. Mun ga abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu, ko da yake can ta ƙurar dutsen zinare ta shigo.

To, ta yaya ake gane ruwa ya gurɓace? Jami'i ya zo da hantsi, ya cika kwalba, ya kai ɗakin gwaji. Abin da kwalbar za ta faɗa labarin wannan sa'ar ne kawai. Idan ƙarfe biyun dare aka saki dagwalo, kafin gari ya waye ya yi gaba, sai takarda ta ce lafiya lau.

Kainuwa kuwa tana nan dare da rana, saiwarta a cikin ruwa tana zuƙar ƙarfe tana ajiyewa. In aka busar da ita, aka narkar da garinta da asid, na'ura za ta nuna abin da ta tara cikin makonni. Haka kachalla, wadda ta addabi fadamar Haɗejiya da Nguru: ita a laka take kafe, don haka labarin lakar take bayarwa. A Turai da gansakukar rafi suke irin wannan aiki.

Na san wani zai ce ai kainuwa yawo take, wa ya san inda ta kwaso gubar? Gaskiya ne. Maganinsa a ɗebo mai tsabta daga wani wuri, a zuba a kwandon raga, a ɗaure ɗaya sama da bakin magudanar masana'anta, ɗaya ƙasa da shi. Bayan wata guda a gwada duka biyun. Bambancin da ke tsakaninsu shi ne shaidar. Ɗaliban kimiyya da ke neman aikin kammala digiri za su iya, in hukumar muhalli ta biya kuɗin gwajin ta kuma fitar da sakamakon kowa ya gani.

Amma a kula, ido ba ya gwaji. Kainuwa na iya yin kore shar alhali saiwarta cike da dalma. Wadda aka kwaso daga irin wannan ruwa kada a ba dabba, kada a mai da ita taki, kada a haɗa magani da ita. Masu tono bado a tafkunan da ke kusa da masana'antu, ku ma maganar ta shafe ku.