Bashin wa, gadon wa? Abin da takardar rajistar kasuwanci ke nufi ga mutanen Auyo

Tun da aka ƙaddamar da aikin noman rani na Kwarin Hadeja a ƙaramar hukumar Auyo a farkon shekarar 2023, harkar shinkafa da alkama ta ƙara buɗewa a yankin, kuma kasuwar masu injin casa, dillalan taki, masu hayar injin ban-ruwa da masu POS ta buɗe tare da ita. Da yawansu an ce musu su je su yi rajista, domin banki ba ya buɗe asusun kasuwanci sai da takarda, kuma a shekarar 2024 Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa, wato CAC, ta wajabta wa masu POS yin haka. Sai mutum ya biya wakili a shagon kwamfuta, a turo masa takarda ta waya, ya buga ta ya rataye a bango, daga ranar ya fara cewa "kamfanina". Sau da yawa abin da ke hannunsa ba kamfani ba ne.

Mun kawo maganar a shafin addini ne saboda takardar nan ita ce ke fayyace wanda bashi ya hau wuyansa, da abin da magada za su raba ranar da mai dukiya ya rasu. Waɗannan kuwa babuka ne na fiƙihu tun kafin su zama aikin lauyoyi.

Mai karatu ya dubi lambar da ke kan takardarsa. Idan ta fara da BN, abin da ya yi rajistar sunan kasuwanci ce. Dokar kamfanoni ta 2020, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Agusta na wannan shekarar, ta nemi duk mai kasuwanci da wani suna wanda ba nasa na yanka ba ya sanar da hukuma, don jama'a su san wanda ke bayan sunan. Iyakar aikinta ke nan. Ba ta raba mutum da kasuwancinsa. Idan mai injin casa a Gamsarka ko Ayama ya karɓi shanshera bashi daga manoma, ambaliya irin ta 2020 ko ta 2022 ta zo ta cinye rumbunsa, masu bin bashi suna da ikon bin sa har gidansa da gonarsa da shanunsa. A nan doka da Shari'a bakinsu ɗaya: bashin yana cikin zimmarsa, ana yi masa jinkiri idan yana cikin ƙunci kamar yadda Suratul Baƙara ta yi umarni, amma ba ya faɗuwa, kuma idan ya mutu daga dukiyarsa ake fitar da shi kafin wasiyya da rabon gado.

Lambar da ta fara da RC ita ce ta kamfani. Doka tana kallon kamfani a matsayin wani mai zimma na daban: yana mallakar fili da injin da sunansa, yana cin bashi, yana kai ƙara ana kai shi, kuma ba ya mutuwa da mutuwar wanda ya kafa shi. Abin da mutum ya mallaka shi ne hannun jari, asararsa kuma ba ta wuce jarin da ya yi alkawarin zubawa. Dokar 2020 ta sauƙaƙa wannan hanya, har mutum ɗaya zai iya kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai, da jarin da bai gaza naira 100,000 ba. Sai dai akwai nauyin da ke biye: rahoton shekara-shekara ga hukuma, ajiye lissafi, da hulɗa da hukumar haraji ta tarayya, alhali mai sunan kasuwanci da hukumar harajin jiha yake mu'amala.

Ɗalibin da ya karanta Risala ko Mukhtasar zai ce bai ga irin wannan tarayya a cikinsu ba, kuma gaskiya ya faɗa. A babin tarayya da ƙiradi mutane ne ke ɗaukar nauyi, ba takarda ba. Malaman zamani sun duba mas'alar, suka kafa hujja da wakafi da baitulmali, waɗanda dukiyarsu ba ta mai kula da su ba ce. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na bakwai a Jidda a shekarar 1992, ta yanke cewa babu laifi a kafa kamfanin da alhakinsa ya tsaya a kan jarinsa, dalilinta kuwa shi ne masu hulɗa da kamfanin sun san haka, kuma sani yana kore garari. A kan wannan dalilin muke so a tsaya. Halaccin ya rataya ne a kan sanin abokin ciniki. To manomin da ya ɗora buhu hamsin a mota don ya san Alhaji tun yana yaro, ya san cewa ba Alhaji ya bai wa bashi ba, wani abu ne mai suna "Limited" wanda ƙila babu komai a asusunsa? A ganinmu, wanda ya karɓi kaya da mutuncinsa sannan ya ɓuya a bayan takardar kamfani ranar biya, ya ci dukiyar mutane da ɓarna ko da kotu ta sallame shi. Mufti Taƙi Usmani na Pakistan, wanda ya karkata ga halaccin tsarin, shi kansa ya yi gargaɗi kan mayar da shi hanyar damfara. Ita ma dokar ƙasa tana ɗage wannan kariya idan an tabbatar da zamba, bankuna kuma kan sa shugaban kamfani ya tsaya wa bashin da kansa.

Inda abin ya fi ciwo shi ne gado. Tsarin da aka saba da shi a gidajenmu sananne ne: 'yan'uwa uku su haɗa kuɗi su sayi injin, wata ƙanwa ta sayar da awakinta ta zuba, a yi rajista da sunan babban wa don girmamawa. Muddin yana raye babu mai tambaya. Ranar da ya rasu, alƙalin kotun Shari'a zai tarar da takarda mai suna ɗaya, da marayu a gefe, da ƙanne masu da'awar da ba su da shaidarta a ɗaya gefen. Ko dai a ci haƙƙin marayu don a faranta wa baffanni, ko a hana baffanni abin da suka yi gumi a kansa. Ƙanwar nan kuwa galibi kunya ba ta barin ta buɗe baki. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ba ta ware 'yan'uwa ba.

Wannan ba ya nufin kowa sai ya kafa kamfani. Ana iya rajistar sunan kasuwanci da sunayen abokan tarayya duka, a rubuta jarin kowa da kason ribarsa a gaban shaidu, hakan ya wadatar wa mafi yawan ƙananan sana'o'i. Amma inda akwai injin mai tsada da gini da ma'aikata, kamfani yana da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba: abin da ake rabawa shi ne hannun jarin mamaci, ba injin ba. Matar mamaci ta karɓi sumuninta, 'ya'ya maza da mata kowa ya karɓi rabonsa a rubuce, injin kuma ya ci gaba da aiki maimakon a sayar da shi da arha don a raba kuɗi. Sharaɗin shi ne a daina ɗibar kuɗin cefane daga asusun kamfani kamar aljihun mutum ne. Zakka ma ba ta ɓacewa a cikin takarda. Majalisar fiƙihun nan ta bayyana tun 1988 cewa tana kan masu hannun jari, kamfani yana iya fitarwa a madadinsu.

Saura sunan da ke jikin buhu. Babu ɗaya daga cikin takardun CAC da ke mallaka wa mutum tambarin kayansa. Wannan aikin wani ofishi ne daban, na rajistar alamun kasuwanci a Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari ta Tarayya a Abuja, ƙarƙashin wata doka ta 1965. Ana rajistar alama ne a rukunin kayan da ta shafa, a buga ta a mujallar ofishin don mai ƙorafi ya fito cikin wata biyu, kariyar ta yi shekara 7, sannan a riƙa sabunta ta duk shekara 14. Wanda bai yi ba yana iya kai ƙarar mai kwaikwayonsa, amma sai ya sha wahalar tabbatar da cewa kasuwa ta san shi da sunan. A zamanta na Kuwait a 1988, majalisar fiƙihun ta ce sunan kasuwanci da alamarsa haƙƙi ne mai ƙimar dukiya, ana sayar da shi, kuma bai halatta a yi masa ta'adi ba. Saboda haka mai sayen tsofaffin buhunan wani sanannen injin ya ɗura tasa shinkafar ya kai Gujungu ko kasuwar Hadeja, laifi biyu ya haɗa: ya ha'inci mai saye, ya kuma taɓa dukiyar mai tambari.

Muna kira ga limaman Juma'a na masarautar Hadeja da masu karantar da fiƙihu a zaure su shigar da waɗannan misalai cikin babin ciniki da gado, ɗaliban Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa da na Kwalejin Binyaminu Usman da ke Hadeja kuma su karanta wa iyayensu takardun da ke rataye a shaguna. Kwamitocin masallatai da Islamiyyu su ma su duba nasu. Akwai rajista ta musamman ta amintattu, mai lambar IT, wadda ke sa filin makaranta ya zama na ƙungiya. Makarantar da jama'a suka gina da sadakarsu, idan aka yi mata rajistar BN da sunan malamin da ya assasa ta, a kan takarda kasuwancinsa ce, kuma magadansa suna iya neman a sa ta cikin abin da za a raba.