Hannun baya ba shi kaɗai ke aiki ba

Ƴan kasuwar Agadas, maza da mata. Yau maganarmu a kan ƙwallon lambu ce, wato golf, wasan da yawancinmu sai a telebijin muke gani, don filinsa sai an je Yamai ko Kano. Wani zai ce mene ne haɗin kifi da kaska? Ku ɗan saurara, akwai abin da ya shafi lafiyar hannuwanmu.

Mai bugu da dama, hannunsa na hagu ne ke gaba, na dama yana baya. Idan ya ɗaga sanda, hannun baya yana lanƙwashewa a gwiwa kamar na mai talla da ta tallabe faranti. Wajen saukowa ƙafa da ƙugu ne ke fara juyawa, gwiwar hannun ta dawo kusa da haƙarƙari, kuma hannun ba ya miƙewa sarai sai bayan sanda ta taɓa ƙwallo. Wanda ya yi gaggawar miƙe shi tun daga sama ya zubar da ƙarfinsa a iska. Jack Nicklaus na Amurka, wanda ya ci manyan kofuna 18 tsakanin 1962 da 1986, an san shi da barin gwiwarsa ta yi nesa da jiki a sama, amma kafin bugu sai ya maido ta wurinta. Ke nan ƙarfi daga jiki yake fitowa, hannun baya isar da shi kawai yake yi.

Wannan ba baƙon ilimi ba ne gare mu. Ɗan dambe yana miƙa hannun garkuwa gaba, ya ajiye ɗaurarren hannu baya, kuma ba ya sakin sa sai ya murɗa ƙugu. To, me ya sa a wurin sana'a muke mantawa?

Ku dubi mahauci da gatarinsa, da mai faskare, da mai dakan gero don fura, da matasan da ke wurga buhunan albasar Tabelot bisa mota. Da yawa hannu ɗaya suke ɗora wa aikin duka, gwiwa a buɗe, jiki a sandare. Ƙarshenta sai ciwon kafaɗa, ko zafi a cikin gwiwar hannu, ciwon da likitoci suka laƙaba wa sunan ƴan golf ko da yake masu aikin ƙarfi ma yana kama su. Daga nan sai a nufi mai tebur a sayi tramol. Ƙwayar tana rufe zafi ne, ba ta gyara jijiya, mutum ya ci gaba da aiki yana ƙara ɓarna, wani ma ya wayi gari ba ya iya rabuwa da ita.

Mun san za a ce kasuwa ba ta jiran kowa, wanda ya huta yau bai ci ba. Gaskiya ne. Amma gyaran da muke nufi ba ya cin ko dala. A wasa gatari kafin a fara sara. A ɗaga kututturen sara ya kai daidai ƙugu. Mai daka ta matso kusa da turmi, ta bar nauyin taɓarya da na jiki su yi aiki, ta riƙa canza hannu. Mai ɗaukar buhu ya rungumo shi kusa da ƙirji, ya tashi da ƙafafu. Idan ciwo ya ƙi tafiya, a je asibiti.

Muna kira ga sarakunan fawa da shugabannin kasuwa da uwayen da ke koya wa yara sana'a: yadda ake koya musu ciniki da lissafi, a koya musu tsayuwa da riƙo. Hannu shi ne jarin talaka, idan ya karye babu bankin da zai ranta masa wani.

Allah ya ba mu lafiya, ya sa albarka a kasuwa.