Dawowar Oasis: Waƙar Talakawa Ce, Amma Tikitin Ya Fi Ƙarfin Talaka

Yau ba Kannywood za mu taɓa ba, Ingila za mu leƙa, saboda tun da Oasis suka dawo masoya kiɗan jita suke ta cacar baki, kuma har yanzu ƙurar ba ta gama lafawa ba.

Ga wanda bai san su ba, Oasis ƙungiyar mawaƙa ce daga Manchester, wa da ƙane ne ke jan ragamarta: Noel Gallagher mai jita kuma mai rubuta yawancin waƙoƙin, da ƙanensa Liam mai rerawa. Idan kana kallon Firimiya ka taɓa ganin Noel a wasan Man City, kuma da wuya a ce ba ka taɓa jin Wonderwall ba. 'Ya'yan talakawa ne, a unguwar Burnage suka tashi, Noel har leburanci ya yi a wurin gini kafin ya samu aikin ɗaukar kayan kiɗa. Kundinsu na farko, Definitely Maybe, ya fito a 1994. Zuwa 1996 sun tara mutum 250,000 a Knebworth cikin dare biyu, kuma tikitin fam 22.50 ne kacal. Ku riƙe wannan farashin, za mu dawo kansa.

A watan Agusta 2009 faɗa ya kaure tsakanin 'yan uwan a Paris ana dab da hawa dandamali, Noel ya yi tafiyarsa. Shekara 15 suna jifan juna da baƙar magana. Kwatsam ranar 27 ga Agusta 2024 suka sanar da cewa sun shirya.

To daga nan rigimar ta fara. Ranar 31 ga Agusta aka buɗe sayar da tikiti. Mutane suka yini a layin intanet, wasu da layi ya zo kansu a Ticketmaster suka tarar tikitin tsayuwa na kusan fam 150 ya koma fam 355. A kuɗinmu ya haura rabin miliyan fa, kuma a tsaye za ka yi kallon! Sannan 'yan mintuna aka ba ka, ko ka biya ko ka rasa. Oasis suka ce su ba su san za a yi haka ba. Hukumar da ke sa ido kan gasar kasuwanci a Birtaniya ta buɗe bincike, daga baya Ticketmaster ya yi alkawarin zai riƙa sanar da masu saye tun da wuri idan farashin hawa-hawa ne.

Masoya sun rabu gida biyu. Ɓangare na farko na cewa kasuwa ce, mai so ya fi kujera yawa, kuma ba a yi wa kowa dole ba. Suna kafa hujja da cewa wasan ya yi kyau, kuma gaskiya ya yi. Daga daren farko a Cardiff ranar 4 ga Yuli 2025 har zuwa Wembley, filaye sun cika maƙil, muryar Liam ta ba mutane mamaki, 'yan uwan kuma ba su sake dambacewa ba.

Ɓangare na biyu na cewa cin amana ne, kuma ni nan na fi karkata. Abin da ya ɗaga Oasis tun farko shi ne yaron da ba shi da aiki yana jin waƙarsu sai ya ji da shi ake. Yau irin wannan yaron ne ya kasa shiga. A Heaton Park, a cikin garinsu Manchester, waɗanda ba su da tikiti kan wani tudu suka hau suna hango wasan daga nesa, har aka zo aka kafa shinge aka tare musu. Daga fam 22.50 zuwa fam 355, ko ka saka tsadar rayuwar shekara talatin a lissafi, bai kai nan ba.

Amma abin da ya fi damuna ba tikitin ba ne. A 1993, a wani ɗan ƙaramin gidan wasa a Glasgow mai suna King Tut's, Alan McGee na kamfanin Creation ya ga Oasis ya ɗauke su. Irin waɗannan ƙananan wuraren su ne makarantar mawaƙan jita, kuma su ne ke mutuwa yanzu. Ƙungiyar Music Venue Trust ta ce a 2023 kaɗai guda 125 sun rufe ko sun daina saka wasa. Shi ya sa ake ta kiran a riƙa cire fam 1 daga kowane tikitin babban wasa a tallafa musu, kuma Sam Fender ya yi hakan. Idan sama na ƙiba ƙasa na ramewa, daga ina Oasis na gobe za su fito?

Da yawanmu ta hanyar Peaky Blinders muka fara jin Arctic Monkeys da Radiohead, muka nemo su muka saurara. Su ma duk daga ƙananan ɗakuna suka faro, ba daga Wembley ba. Don haka masu cewa dawowar Oasis ta nuna kiɗan jita ya farfaɗo a Birtaniya, ni ina ganin sun yi gaggawa. Abin da ta nuna shi ne waɗanda suka yi samartaka a 1995 yanzu suna da kuɗin sayen tuna baya.

Ku fa, da kuna da halin, za ku biya?