Daga Rusa Zangon Wagadugu Zuwa Hana Fitar Da Hatsi: Wa Ake Tambaya Kafin A Kafa Doka?

Idan ba a manta ba, a shekarar 2001 ne gwamnatin Blaise Compaoré ta bayyana shirin ZACA na sabunta tsakiyar birnin Wagadugu. Shirin ya ci kimanin hekta 85, ya taɓa mutane wajen 12,500, har da mu 'yan Zangouettin, unguwar da kakanninmu fatake suka kafa. An yi zanga-zanga, an kai koke, amma zuwa ƙarshen 2003 katafila ta shigo. Aka kwashe jama'a, wasu zuwa Ouaga 2000, wasu Nioko.

Rusau ɗin ya yi ciwo, amma abin da ya gama da mu yana cikin takardar sharuɗɗan gini. Hukumar shirin ta ce duk mai son fili a wurin sai ya ɗora bene mai hawa-hawa. To, ina mai goro ko dillalin shanu zai samo kuɗin bene? Ba a rubuta cewa an hana talaka dawowa ba, sharaɗin ne ya yi aikin. Shekaru suka yi ta wucewa filaye da yawa na nan fayau, ciyawa ce kawai ke cin moriyarsu.

Mun tuno da wannan ne saboda 'yan'uwanmu na kasuwannin iyaka. Haka doka ke sauka: majalisar ministoci ta zartar, ma'aikata ta fitar da sanarwa da Faransanci, sai ɗan duwan a bakin shinge ya fassara ta yadda ya ga dama. A watan Oktoban 2024 Nijar ta hana fitar da shinkafa, gero, dawa, masara da wake zuwa ko'ina, in ban da Mali da Burkina Faso. Ita ma Burkina ta jaddada irin wannan hani.

Ba mu ce gwamnati ba ta da hujja ba. Wanda ya ga tsadar buhun gero a 2022 ba zai so a kwashe abinci a bar gida da yunwa ba. Kuma ba mu cikin masu cewa a sakar wa kasuwa mara ta yi yadda take so, domin mun san halin masu ɓoye kaya. Abin tambaya shi ne, wa ya zauna da ƙungiyoyin 'yan hatsi kafin a sa hannu? Wanda ya riga ya biya kuɗin wake a Maraɗi, motarsa na hanyar Jibiya, ranar da sanarwa ta fito, wa zai ɗauke masa asara?

Abin da muke nema kaɗan ne: wa'adi kafin doka ta fara aiki, a karanta ta da Hausa da Mosanci a rediyo, a kuma liƙa ta a ofishin duwan, inda direba zai iya nuna ta da yatsa.