Badagiri: Waƙa a Bakin Mai Ita Ta Fi Daɗi

Badagiri ƙaramin gari ne na bakin teku a yammacin Jihar Legas, dab da iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Benin. Mafi yawan mutanensa Ogu ne, waɗanda kuma ake kira Egun, sarkinsu kuwa Akran ake ce masa. Duk da ƙanƙantarsa, samun garin da ya kai shi yawan kayan tarihi a ƙasar nan sai an tona. Abin dubawa shi ne yadda ake bayar da labarin waɗannan kaya, domin sau da yawa ana fara ƙirga tarihin garin ne daga ranar da Bature ya sa ƙafa a cikinsa, alhali kuwa Bature gari ya tarar, da sarakunansa da kasuwanninsa.

Baƙon da ya je Badagiri, abin da ake fara nuna masa shi ne jerin abubuwan da ake kira na farko. Akwai wurin da bishiyar Agiya ta tsaya, inda Thomas Birch Freeman ya yi wa'azin Kiristanci a 1842. Akwai makarantar firamare da 'yan mishan suka buɗe a 1843, da benen da suka kammala a 1845, da kuma ofishin Di'o na 1863, shekarar da Ingila ta haɗe garin da mulkin mallakarta na Legas. Wannan ofishi shi ne aka mayar gidan adana kayan tarihi. Babu mai jayayya cewa waɗannan gine-gine sun cancanci kulawa, domin shaidu ne na abin da ya auku. Sai dai bayanin da ake ratayawa a jikinsu yana bukatar a sake auna shi.

Misali mafi kusa shi ne benen 1845, wanda aka daɗe ana yi wa kirari da bene na farko a Nijeriya. Ɗalibin da ya san Hasumiyar Gobarau ta Katsina ba zai karɓi wannan magana hannu bibbiyu ba. Hasali ma, Hugh Clapperton, wanda ya shiga Kano a 1824, ya rubuta bayanin gidajen ƙasa masu hawa na sama da ya gani a birnin, shekara 21 kafin a gama ginin Badagiri. Da an ce bene na farko irin ginin Turawa, da magana ta zauna daidai. Kuskuren ƙarami ne a ido, amma yana koya wa yaro cewa abu ba ya shiga lissafi sai Bature ne ya yi shi.

Haka kuma, labarin cinikin bayi, wanda shi ne ya fi fito da sunan garin, ana yawan taƙaita shi ga jiragen Turawa. Gaskiya ne Turawa ne suka sayi mutane suka ƙetarar da su, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A kasuwar Vlekete 'yan ƙasa ne dillalai, sarƙoƙin da ake nunawa a gidan iyalin Mobee kuwa gadon gidan sarauta ne na garin. Kurkukun bayi na Seriki Williams Abass, mai ɗakuna 40, mallakar mutumin da shi kansa aka taɓa bautarwa ne kafin ya zama babban attajiri. Sai a 1852 sarakunan garin suka sa hannu a yarjejeniyar daina fataucin. Tarihin da ya ɓoye hannun 'yan gida bai fi wanda ya ɓoye hannun baƙo gaskiya ba.

Wani zai ce ina ruwan Bahaushe da garin da ke can ƙarshen ƙasa? Ruwansa kuwa da yawa. Daga cikin waɗanda aka kama a yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19, akwai Hausawa da aka gangara da su tashoshin wannan gaɓa, aka kai su Bahiya ta ƙasar Barazil, inda suka shirya tawaye a 1807, suka kuma tayar da wani a 1814. Daga Badagiri ne kuma Clapperton ya kama hanya a ƙarshen 1825 zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, tafiyar da ya rasu a cikinta a Sakkwato a 1827. Ita kanta kalmar Seriki, Sarki ce ta Hausa ta sauya kama a bakin mutanen kudu. Saboda haka hanyar yashi ta tsibirin Gberefu, wadda bayi suka taka zuwa bakin jirgi, wani yanki ce na tarihin ƙasar Hausa.

Masu kare tsarin da ake kai yanzu suna cewa gine-ginen Turawa da sarƙoƙin bayi su ne ke jawo 'yan yawon buɗe ido, su kuma ke kawo wa gari kuɗi. Hujja ce mai ƙarfi, amma ba ta hana a faɗaɗa labarin ba. Mutanen Ogu suna da dodon Zangbeto mai tsaron gari da dare, da manyan gangunan Sato, da sana'ar su da noman kwakwa da saƙar tabarma. Waɗannan ba kufai ba ne, al'adu ne masu rai, kuma su ne suka riƙe garin bayan da bayi da 'yan mishan da Di'o duk suka wuce.

Abin da ya kamata shi ne hukumomin adana kayan tarihi su gyara bayanan da ke jikin gine-ginen, a rubuta su har da harshen Ogu, a kuma ba dattawan garin dama su faɗi nasu. Malaman da kwalejojin ilimi ke yayewa kuwa, nauyi ne a kansu su koya wa ɗalibai tambayar wane ne ya ba da labari kafin su haddace shi. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.