A Kawo Wasan Zakarun Ƙwallon Kwando Maiduguri

Lokaci ya yi da Ƙungiyar Wasannin Jami'o'in Nijeriya, watau NUGA, za ta shirya wasan zakarun ƙwallon kwando kowace shekara, kuma Maiduguri ta cancanci ta karɓi na farko.

A jami'a aka haifi wannan wasa, domin wani malami ne, James Naismith, ya ƙago shi a kwalejinsu ta garin Springfield a Amurka cikin 1891. Amurkawa suka lura cewa gwanin ɗan wasa yakan ɓace idan makarantarsa ƙarama ce, ba ta cin kofi. Saboda haka suka riƙa tsamo zakaru daga makarantu dabam-dabam, a haɗa su su kara a gaban masu neman 'yan wasa. Tun 1953 ake yin irin wannan taro a garin Portsmouth domin ɗaliban ajin ƙarshe. A can ne Scottie Pippen, ɗan wata ƙaramar jami'a a Arkansas, ya ja hankalin manyan kulob a 1987, daga baya ya ci kofin NBA sau 6 da Chicago Bulls.

A nan gida kuwa, an fara wasannin NUGA a Badun cikin 1966, amma makaranta ce ke karawa da makaranta. Da zarar an fitar da jami'a a zagayen farko, gwaninta sai ya naɗe tabarmarsa ya koma gida, ba wanda ya san sunansa.

Ba a rasa gwanaye a ƙasar nan ba. Hakeem Olajuwon na Ikko ya tafi Jami'ar Houston a 1980, ya ci kofin NBA a 1994 da 1995. Masai Ujiri, wanda ya shugabanci Toronto Raptors har suka ci kofi a 2019, a Zariya ya tashi, a nan ya koyi wasan. Amma lokacin da Nijeriya ta ci kofin Afirka na maza a 2015, yawancin 'yan wasan a Amurka suka goge.

To, me ya sa Maiduguri? Jami'arta, wadda aka kafa a 1975, ta taɓa karɓar baƙuncin NUGA, don haka ba baƙuwar hidima ba ce. Kuma tun daga 2009 rikici ya sa ba a jin sunan Borno sai a labarin tashin hankali, alhali kuwa tana cike da dogayen samari da 'yan mata waɗanda ba su taɓa ganin babban wasa da idonsu ba.

Wasu za su ce babu kuɗi, kuma hanya da nisa. Ai 'yan wasa 24 ne kawai, 12 kowane gefe, da wasa ɗaya na maza, in an so a ƙara na mata. Batun tsaro kuwa gaskiya ne, sai a shirya da hukuma tun da wuri. Sai dai a raba ƙungiyoyin ta hanyar ƙuri'a, kada a ce Arewa da Kudu, don kada wasa ya koma gaba.

Masu iya magana sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Ya rage ga shugabannin NUGA da Gwamnatin Jihar Borno su zauna su sa rana. Allah ya ba da iko.